Yadda Ake Ɗaukar Kyanwa ko Karen da Ba Shi da Gida

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon kyanwa ya san wannan aike. Kyanwa ta haihu a bayan buhunan hatsi, 'ya'yan sun buɗe ido sun fara yawo a tsakar gida suna shiga ƙafafun mutane, sai wata safiya a zuba su a kwali a miƙa wa yaro, a ce ya kai su nesa, bakin kasuwa ko bayan gari, ya ajiye ya dawo. Ni ma an yi mini wannan aike tun ina ƙarami, kuma abin da na fi tunawa shi ne yadda uwar ta yi kwana uku tana zagaya gida tana kuka, nononta ya cika ya yi tauri. Kafin wata huɗu ta sake haihuwa a bayan buhunan nan dai, aka sake neman kwali.

Lissafin ba shi da wuya. Cikin kyanwa kwana 63 ne zuwa 65, tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu ko biyar da haihuwa, kuma a ƙasa mai zafi takan haihu sau biyu ko uku a shekara, kowace haihuwa 'ya'ya kamar huɗu. Karya ma cikinta kusan kwana 63 ne, takan nemi barbara sau biyu a shekara, ta zubo kwikwiyo biyar, shida ko fiye. Mafi yawan waɗanda aka zubar a bola ba sa kai wata shida, yunwa da cuta da mota da jifar yara suna gamawa da su, amma 'yan kaɗan da suka tsira sun isa su cika unguwa.

A Ingila da Amurka, wannan matsala ce ta haifar da gidajen renon dabbobi, wato wuraren da ake tara kyanwoyi da karnukan da suka ɓata ko aka yasar, a yi musu magani, a nema musu sababbin masu riƙo. Wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe irin wannan gida na karnuka a arewacin Landan a 1860, aka mayar da shi unguwar Battersea a 1871, ya fara karɓar kyanwoyi a 1883, kuma yana aiki har yau. A Amurka, ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta ASPCA wadda Henry Bergh ya kafa a birnin New York a 1866 ta ƙiyasta a 2019 cewa dabbobi kimanin miliyan 6.3 ne ke shiga irin waɗannan gidaje kowace shekara, kuma kusan 920,000 daga ciki ana kashe su da allura. A 2011 waɗanda ake kashewa sun kai kimanin miliyan 2.6. Abu biyu suna cikin waɗanda suka sauko da adadin: mutane sun ƙara ɗaukar dabba daga gidan reno maimakon saye, kuma an yawaita yi wa dabbobi aikin hana haihuwa. Wanda ya yi na farko ya bar na biyu, ɗiban ruwa da kwando yake yi.

A yawancin garuruwanmu babu irin waɗannan gidaje. Dabbar da ba ta da mai ita tana gindin teburin mai nama, ko a kwata, ko a cikin kwalin da wani yaro ya ajiye a bakin lambatu. Matakan da ke biye sun shafi hanyoyin biyu: wanda yake zaune inda akwai gidan reno, da wanda zai ɗauka daga titi ko daga hannun maƙwabci.

Mataki na farko: a yi shawara a gida

Kyanwar da ake kula da ita tana kai shekara 12 zuwa 15, wani lokaci fiye, kare kuma shekara 10 zuwa 13. Yaron da ya matsa a kawo ta yana aji uku na firamare zai iya gama jami'a tana nan da ranta, saboda haka babban gida ne zai ɗauki nauyin, ba yaro ba. A tambayi uwargida tun da wuri, domin sau da yawa ita ce za ta wuni da dabbar, kuma ita za ta fara ganin ɓarnarta a kicin. A bincika ko akwai mai asma ko mai atishawa idan ya kusanci gashin kyanwa. Wanda yake gidan haya ya nemi yardar mai gida a fili, domin ƙaura da ƙin yardar masu gidaje suna cikin manyan dalilan da ke sa a mayar da dabbobi gidajen reno a ƙasashen Turai da Amurka.

Game da kare, a tsaya a kan dalilin kiwonsa da wurin da zai zauna. Hadisi ya halatta riƙon kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, malamai da yawa kuma sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata. Ita kyanwa hukuncinta ya fi sauƙi, domin hadisin Abu Ƙatada da ke cikin Muwaɗɗa ya nuna ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-kawo a tsakanin mutanen gida. Sai dai hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, shi ya kamata mai niyyar ɗauka ya riƙe, domin da zarar ka rufe ƙofa a kan dabba, cinta da shanta sun koma wuyanka.

Mataki na biyu: a shirya kafin ta iso

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga kyanwa, a ware ɗaki ɗaya mai ƙofa, a sa kwanon abinci da na ruwa a gefe guda, a sa faffaɗar roba da aka zuba wa yashi mai zurfin kamar yatsa a ɗaya gefen, nesa da abincin, domin kyanwa ba ta son yin bayan gida kusa da inda take ci. A ajiye kwali a kife, a yanke masa ƙofa, a shimfiɗa tsohon zane a ciki. Ga kare, a tanadi wuri mai inuwa da iska, a toshe duk wata kafa a katanga ko ƙarƙashin ƙofa, a sayi abin wuya da igiyar ja. A kwashe maganin ɓera da fiya-fiya da maganin feshi daga duk inda baki zai kai. Sannan a nemi likitan dabbobi tun kafin a buƙace shi, a san inda asibitinsa yake da kuɗin allurai da na tiyata, don kada lissafi ya zo wa mutum ba zato.

Mataki na uku: zaɓe

A gidan reno irin na Battersea, ba a shiga a nuna dabba a fito da ita kamar ana sayen kaza. Za a ba ka takarda ka cike, a tambaye ka girman gidanka, ko akwai ƙananan yara, awa nawa gidan yake zama babu kowa, da irin dabbobin da kake da su. Wasu gidajen sukan turo mutum ya duba muhallin. Kada a ɗauki wannan a matsayin raini ko bin diddigi, domin ma'aikatan sun ga dabbobi da yawa da aka ɗauka da ɗoki aka dawo da su bayan mako biyu. Akwai kuɗin da ake biya, wanda yawanci bai kai abin da gidan ya kashe a kan dabbar ba, tunda akan miƙa ta ne bayan an yi mata allurai da aikin hana haihuwa, an kuma sa mata wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, wadda ke ɗauke da lambar da za a gane mai ita idan ta ɓata. A Ingila doka ta wajabta wannan na'ura ga karnuka tun watan Afrilun 2016, ga kyanwoyi kuma tun watan Yunin 2024.

Ka yi tambaya sosai: daga ina dabbar ta zo, me ya sa aka kawo ta, ta taɓa cizo, ta saba da yara, wane magani take sha, wane abinci ta saba da shi. Ka je da mutanen gida, ku zauna da ita a wuri mai shiru na ɗan lokaci, in da hali ku sake komawa wata rana. Dabbar da ta takure a ƙarshen keji ba lallai ne mugun hali gare ta ba, hayaniyar wurin ce kan firgita ta.

Shawarata ita ce kada a raina babbar dabba. Kowa ɗan ƙarami yake so, shi ya sa manya suke daɗewa a keji, alhali babba halinsa ya riga ya bayyana, girmansa ya tsaya, ya wuce shekarun tauna takalma da yage labule. Haka kuma kada a ga karen gida mai gajeren gashi da tsayayyun kunnuwa a ce ba shi da asali. A zafin watan Afrilu ya fi karen Turai mai kaurin gashi jimiri nesa ba kusa ba, kuma cinsa bai kai nasa ba.

Idan daga titi za a ɗauka, sai an ƙara hattara. A fara tambaya a unguwa ko tana da mai ita, domin kyanwa da kare da yawa da ake gani a waje suna da gidan da suke kwana. Duk dabbar da aka ga tana dalalar da miyau, ko muƙamuƙinta ya saki, ko tana tangaɗi, ko tana cizon duk abin da ta tarar, ko wadda aka san ta da gudun mutane amma yau ta zo tana lafewa a jiki, kada a taɓa ta, a kira ma'aikatan dabbobi, domin waɗannan alamun ciwon haukan kare ne, kuma kyanwa ma tana kamuwa da shi. Mai lafiya kuma ba a kama ta da kokawa. A riƙa ajiye mata abinci a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, kwana da kwanaki, ana matso da kwanon a hankali, har ta yarda ta ci a cikin keji ko kwando mai murfi.

Babbar kyanwar da aka haifa a waje, wadda hannu bai taɓa taɓa ta ba, da wuya ta zama ta ɗaka, domin sabon kyanwa da mutum yana ginuwa ne tsakanin mako na biyu da na bakwai na rayuwarta. Irin wannan, alherin da za a yi mata daban ne, zan zo kansa a gaba.

Sai jarirai. Wanda ya tarar da 'ya'yan kyanwa a lungu kada ya yi saurin kwashe su, domin sau da yawa uwar ta fita neman abinci ne. A ja da baya a sa ido na wasu awanni. Idan suna kwance a dunƙule, cikinsu a cike, suna barci, uwa tana nan, kuma babu mai renon da ya kai ta, sai a bari su kai mako takwas kafin a raba su da ita. Haka ma kwikwiyo. Idan kuwa jikinsu ya yi sanyi, suna ta kuka, ko an same su a kwali, to maraici ya tabbata. Abin da za a fara yi shi ne ɗumama su, da kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe a tsumma, domin jaririn da jikinsa ya yi sanyi ba ya iya narkar da abin da aka ba shi. Bayan nan a ba su madarar da aka yi domin su, wadda ake samu a shagunan kayan dabbobi, kowane awa biyu zuwa uku har da dare, suna kwance a kan cikinsu, ba a rigingine ba, don kada madarar ta sarƙe su. Bayan kowane shayarwa a goga musu ƙasan wutsiya da auduga mai ɗumi, domin kafin mako uku ba sa iya fitsari da kashi sai uwa ta lashe su. Madarar shanu da ta gwangwani suna sa su zawo, zawo kuma yana kashe jariri cikin kwana ɗaya ko biyu. A mako na huɗu sukan fara lasar abinci mai laushi.

Mataki na huɗu: asibiti kafin tsakar gida

Dabbar da aka ɗauko daga waje, likita ya kamata ya fara gani kafin yara su fara wasa da ita. Manyan biranen jihohi suna da asibitocin dabbobi na gwamnati, akwai kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri. Likita zai duba haƙora ya ƙiyasta shekaru, ya duba ido da kunne da fata, ya ba da maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma, ya tsara ranakun allurai.

Allurar da ba a wasa da ita ita ce ta haukan kare. Ana yin ta daga wata uku da haihuwa, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta, wanda a Najeriya yawanci shekara-shekara ne, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu haɗa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan kashi 99 cikin ɗari ta hanyar kare, kuma kusan huɗu cikin kowane goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Saboda haka idan sabuwar dabba ta ciji wani ko ta yakushe shi har fata ta fashe, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar don a fara allura, a kuma tsare dabbar a sa mata ido kwana goma. Ba a jiran kwana goman su cika kafin a je asibiti.

Kwikwiyo yana buƙatar jerin allurai daga mako shida zuwa takwas, ana maimaitawa duk bayan mako uku ko huɗu har ya kai mako 16, kuma a cikinsu akwai ta ciwon amai da zawon jini da ake kira fabo, wanda yake yawan kashe ƙananan karnuka, ƙwayarsa kuma tana iya yin watanni a cikin ƙasa. Kafin ya gama allurai kada a bar shi ya yi yawo inda wasu karnuka suke kashi. 'Yar kyanwa ma tana da nata jerin daga mako takwas ko tara. A karɓi katin allura a adana shi tare da takardun gida, domin ranar da kare ya ciji ɗan maƙwabci, wannan kati ne zai raba gardama.

Akwai abubuwan da ake yi da kyakkyawar niyya su hallaka dabba. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe kyanwa. Maganin kaska na shanu ko na kare, musamman mai sinadarin famitirin, guba ne gare ta. Baƙin mai da ake shafa wa kare mai ƙazuwa yana ƙona fata, idan ya lasa kuma ya shiga cikinsa, alhali ƙazuwa tana da maganinta a wurin likita. Idan aka ga gashi ya zube a zagaye kamar kwabo, makero ne, yana kama mutane, musamman yara, sai a riƙa wanke hannu har a gama magani. Mace mai ciki kuma ta bar wa wani kwashe yashin kyanwa, a kuma riƙa kwashewa kullum, saboda wata ƙwayar cuta da ke cikin kashin wadda kan cutar da ɗan tayi.

Mataki na biyar: kwanakin farko

A kawo dabbar a cikin keji ko kwando mai murfi, ba a buhu ba, a buɗe mata a cikin ɗakin da aka ware, a fita a ja ƙofa. Kyanwa za ta shige ƙarƙashin gado ko bayan akwati, ta ƙi ci, ta ƙi motsi. Kada a jawo ta, kada a tara yara a kanta. Da safe za ka tarar an taɓa abincin, an tona yashin, ita kuwa ba ka gan ta ba. A riƙa shiga ana zama a ƙasa ana magana a hankali, har ranar da za ta fito da kanta ta shinshina yatsa, ta goga kumatunta a ƙafarka. Ma'aikatan gidajen reno sukan ce kwana uku na tsoro ne, mako uku na koyon tsarin gida, wata uku kuma kafin dabba ta saki jiki ta san nan ne gidanta. Idan babbar kyanwa ta wuce kwana biyu ba ta ci komai ba, a kai ta wurin likita.

Kada a bar kyanwa ta fita waje sai ta yi mako uku ko huɗu a ciki, in ba haka ba za ta kama hanyar inda ta fito. Idan akwai wasu dabbobi a gidan, a raba su da baƙuwar na mako biyu saboda cuta, sannan a fara gabatar da su ta hanyar wari, a musanya musu tsumman kwanciya, kafin su ga juna ta ƙofar da aka ɗan buɗe. Mai kaji da tantabaru ya gyara akurkinsa.

Kare kuma tun ran gini tun ran zane. A fitar da shi wurin da ake so ya riƙa bayan gida da sassafe, da bayan kowane cin abinci, da kafin barci, idan ya yi a wurin a yaba masa a ba shi ɗan abin taunawa. Duka ba ya koya masa komai sai tsoron hannu, kuma kare mai tsoro shi ne mai cizo. Haka ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a rana dare da rana, da sunan a sa shi ya yi zafi, yana haifar da karen da wata rana zai kama ɗan gida. A koya wa yara kada su taɓa shi yana ci ko yana barci, kuma kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, kome sabonsu.

Wajen abinci, kyanwa maciyar nama ce, tuwo da miya ba sa riƙe ta, domin akwai sinadaran da jikinta ke buƙata waɗanda sai a nama da kifi take samu, rashinsu kuma yana taɓa ido da zuciya. Kare ya fi ta sauƙi, yana cin tuwo ko shinkafa idan an haɗa da nama, ko ƙwai, ko kayan ciki da aka dafa. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin su biyun, saboda haka a ɗebe musu nasu kafin a zuba miya. A guji cakulan da zabibi da ƙashin kaza dafaffe wanda ke tsagewa ya soki hanji. Ruwa mai tsabta kada ya yanke.

Mataki na shida: a rufe ƙofar haihuwa

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne wanda ya sa aka yi duk sauran. Ga namiji, aikin bai bambanta da dandaƙar da muka sani a awaki da shanu ba, sai dai likita ne yake yi bayan ya yi wa dabbar allurar barci. Ga mace, tiyata ce da ake cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa ta wata 'yar tsaga a ciki. Kyanwa, mace ko muzuru, a yi mata tana wata huɗu zuwa biyar, kafin ciki na farko ya riga ka. Ƙaramin kare akan yi masa wajen wata shida, manyan iri kuma likita kan ce a jira su kusa shekara don ƙashinsu ya gama ƙwari.

Za a ce maka a hana ta abinci na wasu awanni kafin aikin, sai a bi abin da likita ya faɗa daidai. Bayan aiki a ajiye ta a ɗaki mai tsabta, a hana ta tsalle da lasar ɗinkin, ko da za a sa mata abin wuya mai kama da mazurari, a duba wurin safe da yamma. Idan ya kumbura, ko yana ruwa, ko ta ƙi ci fiye da kwana guda, a koma asibiti. Akan cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Namijin da aka yi wa aiki yana iya ba da ciki har wasu makonni bayan nan, don haka kada a yi saurin haɗa shi da mace.

Maganar cewa sai mace ta haihu sau ɗaya kafin a yi mata aiki ba ta da tushe, hasali ma wadda aka yi wa da wuri ta fi tsira daga sankarar nono, kuma ba za ta yi ciwon ruɓewar mahaifa ba, wanda ke kashe karnuka mata da suka manyanta. Muzurun da aka dandaƙe yana rage yawon dare da faɗa da fesa fitsari a bango. Kare kuma ba ya daina gadi, abin da yake ragewa shi ne tsallake katanga don bin karya. Allurar tsarin iyali ta mutane da wasu ke yi wa dabbobi don gudun kuɗin tiyata a guje ta, domin ita kanta tana jawo ruɓewar mahaifa da ƙari a nono. Ta fuskar addini malamai sun yi saɓani, amma da yawa daga cikin na wannan zamani, har da Ibn Usaimin, sun halatta yi wa kyanwoyi aikin idan sun yi yawa har suna cutarwa kuma aikin ba zai azabtar da su ba, suna ganin ya fi a bari a haife su sannan a kashe.

Kashewar ma ba ta magance komai. A 1910 hukumomin Istanbul sun kwashe dubun-dubatar karnuka daga tituna suka jibge su a wani tsibiri marar ruwa a Tekun Marmara, suka mutu da yunwa da ƙishirwa, amma karnuka suka sake cika birnin, domin muddin akwai bola da abinci, waɗanda suka rage za su hayayyafa su cike gurbin. A birnin Jaipur na Indiya kuwa, tun 1994 ƙungiyar Help in Suffering take kama karnukan titi, ta yi musu aikin hana haihuwa da allurar haukan kare, ta mayar da su inda ta ɗauko su, kuma a yankunan da aikin ya shafa yawan karnuka ya ragu, mutuwar mutane daga cizonsu ta faɗi ƙwarai. Wannan shi ne abin da za a yi wa babbar kyanwar da ta ƙi sabo: a kama ta da keji, a kai ta a yi mata aiki da allura, likita ya ɗan yanke tsinin kunnenta ɗaya tana cikin barci don a gane an gama da ita, bayan ta warware a sake ta a lungunta a ci gaba da ba ta abinci. Maƙwabta uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗin.

Idan ta zo da ciki, ko riƙon ya gagara

Kyanwar titi da yawa da ciki ake ɗauko su ba a sani ba. Idan ta haihu, a bar 'ya'yan su sha nono mako takwas, a fara neman masu karɓa tun suna mako huɗu, a ba mutanen da aka sani, a gaya musu ranar allura da lokacin aiki. Uwar kuma a tsare ta a ɗaka, domin tana iya ɗaukar wani cikin tana kan shayarwa, a kai ta tiyata kamar mako biyu bayan yaye, lokacin da nono ya ƙafe.

Wanda ya ɗauko daga gidan reno, idan ƙaura ko rashin lafiya ko rashin jituwa ya sa ba zai iya ci gaba ba, ya duba takardar da ya sa wa hannu, domin yawancin gidajen sun sharɗanta a dawo musu da dabbar maimakon a ba wani. Wanda ya ɗauko daga titi kuwa ya sanar da likitan da ke duba ta, domin su ne mutane ke tambaya idan suna neman kyanwa ko kare, ya kuma ci gaba da riƙe ta har a samu mai karɓa. Ranar miƙawa a haɗa wa sabon mai ita katin allura, da kwanon da ta saba ci a ciki, da tsumman da take kwana a kai ba tare da an wanke shi ba.